Darasi na Tara: Konrad Bloch da Asalin Maiƙon da Jiki Ke Ƙera wa Kansa

Duk wanda ya taɓa raka dattijo asibiti saboda hawan jini ko ciwon zuciya, da wuya a ce bai ji likita ya ambaci wani abu wai shi kolestarol ba, kuma galibi da sigar gargaɗi ake ambatonsa, har jama'a da yawa suka ɗauka wata guba ce da ke shiga jiki ta hanyar kitse da ƙwai da man shanu. Haƙiƙanin al'amarin ya fi haka faɗi. Kolestarol wani nau'in maiƙo ne mai kama da kakin zuma, wanda babu wata ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam da ba ta da rabonta daga gare shi, domin yana cikin tantanin da ya kewaye kowace ƙwaya, ƙwaƙwalwa kuwa ta fi kowace gaɓa tara shi. Daga gare shi hanta ke sarrafa ruwan ɗacin da ke narkar da kitsen abinci, daga gare shi kuma ake samun sinadaran da ke tafiyar da balaga da ɗaukar ciki. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, mafi yawan wanda ke jikin mutum ba daga akushi ya fito ba, jikin ne da kansa ke ƙera shi dare da rana, musamman a hanta. Yadda ake wannan ƙira, da abin da ake ƙera shi da shi, mas'ala ce da ta gagari masana shekaru masu yawa, kuma mutumin da ya fi kowa ba da rayuwarsa ga warware ta shi ne Konrad Bloch, wanda tarihinsa za mu karanta a wannan darasi.

Kafin a zo kansa, ya kamata mai karatu ya san inda bahasin ya tsaya lokacin da ya shigo shi. Tun a ƙarni na 18 wani masani a Faransa ya tsamo wannan maiƙo daga tsakuwar da ke taruwa a maɗaciya. A 1913 wani likita ɗan Rasha, Nikolai Anichkov, ya riƙa ciyar da zomaye da shi, sai ya ga jijiyoyin jininsu sun yi kauri sun cushe kamar yadda na tsofaffin mutane ke yi, ko da yake likitocin zamaninsa ba su ba wa wannan hujja nauyin da ya dace da ita ba, suna cewa ai zomo ciyawa yake ci, ba a ƙiyasta mutum da shi. Zuwa 1932 an tabbatar da surar ginin sinadarin, bayan doguwar wahalar da Adolf Windaus da Heinrich Wieland na Jamus suka sha a kai: zarra 27 ta kabon, waɗanda galibinsu suka jeru cikin zobba huɗu manne da juna, sauran suka zama kamar wutsiya a gefe. An san siffar ke nan. Wanda ya gina, da tubalin da aka yi ginin da shi, babu wanda ya sani.

Hijira da neman malami

An haifi Konrad Emil Bloch ranar 21 ga Janairu, 1912, a garin Neisse, wanda a lokacin yana cikin ƙasar Jamus, yanzu kuwa yana cikin Polan da sunan Nysa. Iyayensa Yahudawa ne masu rufin asiri. A 1930 ya tafi birnin Munik karatun ilmin sinadarai, inda ya zauna gaban Hans Fischer, malamin da a wannan shekarar aka ba lambar Nobel saboda bincikensa kan abin da ke ba jini launin ja. Kuma a majalisin wannan malami ne zuciyarsa ta karkata ga sinadaran da ke cikin jikin mai rai. Amma ƙaddara ta riga fata, domin a 1933 Hitler ya karɓi mulki, aka shimfiɗa dokokin zalunci da suka hana Yahudawa karatu da aiki, har ya zamana a 1934, bayan ya karɓi shahadarsa ta farko, an rufe masa ƙofar ci gaba ba don wani laifi ko gazawa ba, sai don nasabarsa.

Ya ƙetara zuwa Suwizalan, ya sami ɗan aiki a wata cibiyar bincike da ke Davos, garin kan duwatsu da ake kai masu tarin fuka jinya. A nan aka ɗora masa nazarin maiƙon da ke jikin ƙwayar cutar tarin, kuma aka nemi ya tantance wata da'awa da aka yi cewa akwai kolestarol a cikinta. Ya bincika bai sami kome ba, ya kuma faɗi hakan, alhali yana saurayi baƙo wanda zamansa a ƙasar ya rataya ga yardar waɗanda suka ɗauke shi aiki. Sakamakonsa ya dace da na Rudolph Anderson na Jami'ar Yale, wanda shi ne gwanin wannan fage a lokacin, sai Bloch ya rubuta masa wasiƙa, kuma takardun da ya samu ta wannan hanya su suka taimaka masa ya sami izinin shiga Amurka a 1936. A Jami'ar Kolombiya da ke Niyu Yok ya kammala digirinsa na dakta a 1938, ƙarƙashin Hans Clarke.

A wannan jami'a ya gamu da mutumin da za a iya kira shehinsa na haƙiƙa, watau Rudolf Schoenheimer, wanda shi ma guguwar Hitler ce ta koro shi daga Jamus. A nan ya wajaba mu dakata, domin wanda bai fahimci dabarar Schoenheimer ba, ba zai fahimci kome daga aikin almajirinsa ba.

Matsalar da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai ita ce, da zarar abinci ya shiga jiki ya narke, sai ya gauraya da abin da ya tarar, ta yadda babu mai iya cewa wannan zarra daga tuwon jiya ta fito, waccan kuwa tun bara take nan. Sai Allah ya sa a ƙarshen 1931 Harold Urey, shi ma a Kolombiya, ya gano wani irin haidirojin da ya ninka na kullum nauyi, wanda jiki ke karɓa ya yi aiki da shi kusan ba tare da ya bambanta shi da ɗan'uwansa ba, amma na'urar awo tana gane shi. Schoenheimer da abokin aikinsa David Rittenberg suka ga cewa in aka saka wannan zarra mai nauyi cikin wani sinadari, aka ba ɓera ya ci, to bayan kwanaki za a iya bincika hantarsa da kitsensa a ga inda ta sauka. Kamar yadda makiyayi ke yi wa saniyarsa shaida a kunne, ko ta shiga garken dubu, ranar kasuwa zai nuna ta. Da wannan dabara suka rushe wani ra'ayi da aka daɗe ana riƙe da shi kamar ijma'i, cewa kitsen da jiki ya ajiye yana nan kwance ba ya motsi sai ranar yunwa. Suka nuna cewa kullum ana rushe shi ana sake gina shi, ko dabbar tana ƙoshe. A 1937 kuma suka shayar da ɓeraye ruwa mai ɗauke da zarrar nan, suka same ta da yawa cikin kolestarol ɗin jikinsu, abin da ya nuna cewa daga ƙananan gutsattsari ake harhaɗa shi. Schoenheimer ya rasu a 1941 yana da shekara 43, almajiransa suka raba fagagen bincikensa a tsakaninsu, babin maiƙo ya faɗo hannun Bloch.

Daga zarra biyu zuwa ashirin da bakwai

A 1942 Bloch da Rittenberg suka ba ɓeraye asitet mai shaida. Asitet kuwa ɗan ƙaramin sinadari ne mai zarra biyu kacal ta kabon, shi ne asalin tsamin ruwan khal, kuma jiki yana samar da shi daga kowane irin abinci, ko hatsi ko nama ko mai. Shaidar ta bayyana a cikin kolestarol. Wannan ya buɗe ƙofa, amma bai isa hujja yankakkiya ba, domin mai jayayya zai iya cewa wani sashe ne kawai na ginin ya fito daga asitet. Saboda haka Bloch, wanda ya koma Jami'ar Shikago a 1946, ya shiga aikin da sai mai haƙurin gaske: a sa wa zarra ta farko ta asitet shaida iri ɗaya, ta biyu wata iri, a bar hanta ta yi ƙirarta, sa'an nan a ɓarɓare kolestarol ɗin gaɓa gaɓa ana tambayar kowace zarra daga ina ta zo. Shi da almajirinsa Henry Little suka kai ga lissafin cewa cikin zarra 27, goma sha biyar daga ɗaya zarrar asitet suke, goma sha biyu daga ɗayar. John Cornforth da George Popják a Ingila su ma suka bi sauran sassan ginin da irin wannan tahaƙiƙi har aka cike gurbin kowace zarra.

A cikin waɗannan shekaru ya tabbatar da abubuwa biyu da a da zato kawai ake yi: cewa ruwan ɗaci daga kolestarol hanta ke yin sa, kuma cewa sinadarin da ke riƙe ciki shi ma daga nan yake. Gwaji na biyu ba ya yiwuwa sai da mace mai juna biyu, kuma matarsa ce ta yarda ta ci kolestarol mai shaida tana da tsohon ciki, aka sami shaidar a cikin abin da jikinta ya fitar. Littattafai kan ambaci sunan miji su wuce. A ganina wannan baiwar Allah ta cancanci a riƙa tunawa da ita a duk inda aka karanta wannan babi.

Saura tambaya mafi wuya, wato matakan da ke tsakanin ɗan tubali mai zarra biyu da gini mai zobba huɗu. Tun da daɗewa wasu masana sun yi hasashen cewa wani mai da ake samu da yawa a hantar kifin shak, mai suna sikwalin, wanda doguwar sarƙa ce ta zarra 30, shi ne zango na tsakiya. Bloch ya tafi tsibirin Bamuda da niyyar gwada wannan a hantar kifin kanta, ya dawo hannu rabbana, domin kifin ya yi wuyar kamu, hantarsa kuma ta cika mai har ba ta yankuwa yadda gwaji ke bukata. Da ya komo Shikago ya tarar almajirinsa Robert Langdon ya cim ma buƙata da ɓerayen ɗakin gwaji, ba tare da ya je ko bakin teku ba: asitet na zama sikwalin, sikwalin kuma na zama kolestarol. A 1953 Bloch da Robert Woodward suka bayyana yadda wannan doguwar sarƙa ke naɗewa ta zama zobba huɗu, ta haifar da lanostarol, wani maiƙo da aka fara sani a jikin gashin tumaki. Sun kuwa gyara wani fasali ne da Robert Robinson na Ingila ya kawo tun 1934, kuma gwaji ya gaskata nasu.

A 1954 aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Harvard, inda ya zauna har ya yi ritaya a 1982. Sauran guraben suka riƙa cikewa daga hannaye dabam dabam, domin wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma zai zama rashin adalci a nuna kamar haka ne. A Munik, Feodor Lynen, almajirin Wieland kuma surukinsa, ya gano a 1951 surar da asitet ke ɗauka kafin ya shiga aiki a jiki. A 1956 masu bincike na kamfanin Merck, suna neman wani abu dabam da ya shafi abincin ƙwayoyin bakteriya, suka ci karo da mebalonet, mai zarra shida. Kafin shekarun 1950 su ƙare, ɗakin Bloch da na Lynen, kowanne da nasa ƙoƙari, suka gano gutsuren nan mai zarra biyar da ke fitowa daga mebalonet. Da haka silsilar ta haɗu: asitet uku su ba da mebalonet ɗaya, mebalonet ya zubar da zarra ɗaya ya koma mai biyar, shida daga waɗannan su haɗu su zama sikwalin, sikwalin ya karɓi iskar oksijin ya naɗe ya zama lanostarol, sa'an nan a bi wasu matakai goma sha tara a cire zarra uku, a sami kolestarol. Matakan gaba ɗaya sun kai wajen talatin, kowanne da sinadarin enzayim da ke tafiyar da shi, kuma duk wannan yana gudana a hantar mai karatu a daidai lokacin da yake karanta wannan shafi.

A 1964 aka ba Bloch da Lynen lambar Nobel ta fannin likitanci tare. Mai lura zai ga abin tunani a nan, domin ɗayansu ya yi zamansa a Munik, ɗayan kuwa daga Munik aka kore shi shekara talatin kafin wannan rana.

Bai ajiye aiki ba bayan lambar. Ya koma kan tambayar da ta fi kusa da hikima fiye da lissafi: me ya sa jiki zai ɗauki wahalar matakai goma sha tara don cire zarra uku kawai daga lanostarol, alhali su biyun kusan kamarsu ɗaya? Gwaje-gwajen ɗakinsa suka nuna cewa kowace zarra da aka cire tana ƙara wa sinadarin santsin gefe, ta yadda zai fi dacewa da zama tsakanin sauran maiƙon tantanin ƙwayar halitta, ya daidaita shi kada ya yi tauri ya kuma hana shi yin ruwa-ruwa. Shi da Daniel Bloomfield kuma suka nuna a 1960 cewa ƙwayoyin yis suna bukatar oksijin kafin su mai da daskararren kitse ya zama mai ruwa.

Abin da ya biyo bayansa

Bloch bai taɓa duba majiyyaci ba, bai kuma haɗa ko ƙwayar magani ɗaya ba, kuma da a 1950 wani mai riƙe da baitulmali ya tambaye shi amfanin ƙirga zarra a hantar ɓera, da wuya ya sami amsar da za ta gamsar da shi. Amma wanda ya san hanya zango zango, shi ke iya nuna inda za a datse ta. Masana, cikinsu har da Lynen, sun gano cewa matakin da ke haifar da mebalonet shi ne ƙofar da ke ƙayyade yawan abin da za a ƙera. Wani matashi ɗan Japan, Akira Endo, wanda ayyukan Bloch suka burge shi har ya rubuta masa yana neman gurbi a ɗakinsa, aka ce masa babu wuri, ya yi karatunsa a wata makarantar likitanci a Niyu Yok, ya koma kamfanin Sankyo a Tokiyo da tunanin cewa wataƙila akwai funfunar da ke fitar da abin da zai toshe wannan ƙofa. Daga 1971 shi da abokan aikinsa suka tace irin funfuna wajen dubu shida, a 1973 suka dace. Wannan shi ne mafarin magungunan da ake kira sitatin. Almajirin da bai sami shiga zaure ba, ya karanta littattafan malamin daga nesa, kuma ta hannunsa ilmin ya isa ga marasa lafiya.

A daidai wannan lokaci Michael Brown da Joseph Goldstein a birnin Dallas na Amurka, suna nazarin yaran da suka gaji cutar yawan kolestarol har zuciya ke buga musu tun suna ƙanana, suka gano cewa ƙwayoyin jiki suna da wata kafa da suke janye kolestarol daga jini ta cikinta, kuma idan hanta ta rage ƙera nata, sai ta ƙara yawan waɗannan kafofi ta tsotse na cikin jini. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa maganin Endo ke aiki, su ma aka ba su Nobel a 1985. A 1987 hukumar magunguna ta Amurka ta halatta sayar da sitatin na farko, wanda kamfanin Merck ya fitar, a 1994 kuma wani babban gwaji a ƙasashen arewacin Turai, kan masu ciwon zuciya 4,444, ya nuna cewa mace-mace sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka sha maganin.

Ta wajen almajirai na kusa kuwa, ya shafe shekaru yana karantar da darasin farko na ilmin sinadaran jikin mai rai ga ɗaliban Harvard, kuma daga ɗakin bincikensa aka yaye mutane irin su William Lennarz da Howard Goldfine da Dennis Vance, waɗanda kowannensu ya kafa nasa zaure ya yaye wasu; littafin da Vance da matarsa Jean suka shirya kan ilmin maiƙo ya zama abin karatu a jami'o'i da yawa. Bloch ya rasu ranar 15 ga Oktoba, 2000, a jihar Masacusets, yana da shekara 88.

Akwai fa'ida ɗaya ta kusa da ya kamata a ɗauka daga wannan bayani zuwa kasuwa. Sau da yawa za ka ga an rubuta a jikin galan ɗin mai cewa babu kolestarol a ciki, ana kuma ƙara kuɗi saboda haka. Maganar gaskiya ce, amma ba falala ba ce ta wannan galan kaɗai, domin kolestarol na jikin dabba ne, man gyaɗa da man riɗi da manja duk ba su da shi in ban da ɗan abin da bai kai a ambata ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce wane irin kitse ne a ciki, domin kitse mai daskarewa, irin na nama da man shanu da manja, idan ya yawaita yana sa hanta ta rage janye kolestarol daga jini. Haka nan rama ba hujjar lafiya ba ce a wannan babi: tun da jiki ne ke ƙera mafi yawansa, siririn mutum yana iya gadon yawansa daga iyaye bai sani ba, kuma awon jini kaɗai ke bayyana shi.

Aikin aji: malami ya sa kowane ɗalibi ya ɗauki alli ya bi lissafin da kansa, ya fara da asitet 18 masu zarra bibbiyu, ya nuna inda aka zubar da shida da inda aka zubar da uku har a tsaya kan 27. Bayan haka a tattauna dalilin da ya sa aka ce Endo almajirin Bloch ne alhali bai taɓa zama a ɗakinsa ba. Wanda kuma ya san a gidansu an taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki tun kafin tsufa, to ya nemi asibiti mafi kusa a auna masa jini, in kuwa an riga an ɗora shi kan magani, kada ya daina sha sai da izinin likitansa.